Ciwon Abokina

MAI-KUNYA: Likita, barka da aiki. Wani abokina ne ya aiko ni.

LIKITA: Madalla. Ina ke masa ciwo?

MAI-KUNYA: Wato... can ƙasa.

LIKITA: Ƙafa?

MAI-KUNYA: A ɗan hauro.

NA-SANI: Likita, kar mu kwana a nan. Loɓarsa ce ta tsuke, ta ƙi ja baya. In zai yi fitsari sai ta cika kamar balan-balan.

MAI-KUNYA: Ta abokina!

LIKITA: Na ji. Da ƙaramin yaro ne sai in ce a ƙyale shi, haka ake haihuwarsu, fatar kan saki da kanta kafin balaga ko wajen nan. Shekarunsa nawa?

MAI-KUNYA: Sa'ana ne. Rana ɗaya aka haife mu.

NA-SANI: Ni fa na riga na ba shi magani. Na ce ya runtse ido ya finciko ta da ƙarfi.

LIKITA: Tsakanin kai da ciwon ban san wanda ya fi haɗari ba. Fincika tsage fata take yi, in ta warke ta bar tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa, sai abin ya ƙara tsukewa. In ma ta ja baya ta maƙale, ta shaƙe kan har ya kumbura, ko tsakar dare ne a garzayo asibiti.

NA-SANI: Da ma haka nake nufi.

LIKITA: A jikin babba, yawan kumburi da ƙaiƙayi a wurin kan jawo shi, ko wata cutar fata mai barin farin tabo, ko ciwon suga. Sai mun gwada jininsa.

MAI-KUNYA: (ya miƙa hannu, ya yi wuf ya janye) Zan gaya masa.

LIKITA: Da man shafawa ake farawa, irin su betamethasone, safe da yamma, mako 4 zuwa 8, ana ɗan jan fatar a hankali. A hankali na ce, Na-sani. In bai yi ba, a ɗan tsaga a faɗaɗa bakin, ko a yi kaciya.

MAI-KUNYA: Kaciya? Da gemuna?

LIKITA: Da gemun abokinka dai. Allurar kashe zafi za a yi, galibi ranar zai koma gida. Je ka kira shi in duba.

MAI-KUNYA: Ai... ya wakilta ni.

LIKITA: To wakili, shiga bayan labule ka sauke wando. Kai kuma ina za ka?

NA-SANI: In taya ka dubawa mana.

LIKITA: Nas! Zo ki fitar min da wannan.