Rufe filin Ƙofar Mata ba zai hana a sake dukan alƙalin wasa ba

Ga shi an sake maimaitawa. A watan Oktoban 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi a wasanta da Kano Pillars a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, wasu suka tsallako cikin fili suka far wa alƙalai da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar Firimiya ta NPFL ta zaro hukuncin da ta saba: tarar naira miliyan 9.5, an zabge wa Kano Pillars maki 3, an rufe filin, an ce ta koma Katsina da wasanninta na gida. Wai ta haka magoya baya za su shiga taitayinsu.

Su waye za su shiga taitayin? A 2022 an yi irin wannan bayan an farfasa motar Katsina United a Kano. An kwashe wa Pillars maki, an kore ta daga gida, a ƙarshen kakar ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Babu horon da ya fi wannan zafi ga ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar a 2008, ta kuma jera shi a 2012 da 2013 da 2014. Bayan shekara uku abin ya dawo sabo fil. Da a ce korar ƙungiya daga garinta tana gyara hali, da tuni Kano ta zama abin misali.

Wannan shi ake kira an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya haura shinge ya naushi mataimakin alƙali ba ya biyan tara, daga aljihun gwamnatin jiha take fita, wato kuɗin talakawa. Wanda ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne dattijon da ya shekara ashirin yana sayen tikiti, ya zauna a inuwa da rediyo a kunne, bai taɓa jifan kowa da ko ledar ruwa ba. Da aka rufe filin an ce masa in yana son ganin Sai Masu Gida, wato Pillars, sai ya nemi kuɗin mota zuwa Katsina ya dawo cikin dare. Ga mai rake da mai gyaɗa da 'yan Adaidaita Sahu da ke jiran ranar wasa a bakin Ƙofar Mata, su ma an rufe musu kasuwa ba su ji ba ba su gani ba. 'Yan wasa kuwa sun san wahalar, domin sun yi zaman Kaduna lokacin da aka mayar da filin cibiyar killace masu korona.

Masu cewa makirci ne ake ƙulla wa ƙungiyoyin Arewa su je su sake kallon bidiyon, ba daga Ibadan aka ɗauko waɗanda suka shiga filin ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda kowa ke kauce wa batun filin kansa. Gwamnatin Kano ce ke da ƙungiyar, ita ce ke da filin. Filin nan ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, shekarar da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. A lokutan nan an iya tsare ƙofa da shinge, domin akwai idon baƙi. To me ya hana a tsare su ranar wasan gida? Abin kunya ne a ce taron dubban mutane, amma ba a san adadin waɗanda suka shiga ba, ba a san wa ya zauna a ina ba, jami'an tsaro kuma sai an fara jifa suke tunawa da hayaƙi mai sa hawaye. A 2025 ma nauyin ya ƙaru, tunda Barau FC ta hau Firimiya, Kano ta samu ƙungiyoyi biyu a gasar.

Fuskokin masu laifin suna cikin wayoyin jama'a. A kamo su, a gurfanar da su gaban kotu, a hana su shiga fili, a sayar da tikiti daidai da yawan kujeru. Ahmed Musa da aka bai wa ragamar Pillars a 2025 yana da bakin da za a saurara a gidan gwamnati, ya kamata ya fara da wannan kafin maganar sayen sabbin 'yan wasa.