Tansiyon Alhaji

Alhaji ya faɗo asibiti da babbar riga sai ƙamshin turare, ya wuce matan da ke zaune a benci tun asuba kamar bai gan su ba (ai kun san manyanmu, layi na talaka ne), Hajiya na biye da shi riƙe da karne, wato katin asibiti.

Likita: Alhaji a naɗe hannun riga mu auna.

Alhaji: Auna ta sama yaro, shadda ce, ba ta hana komai wucewa.

Da ƙyar da siɗin goshi aka naɗe.

Likita: 18 bisa 11.

Alhaji: Alhamdulillahi! Hajiya kin ji ko? 18! Ɗanki tun da ya shiga lakwal ko 10 bai taɓa kawo muna gida ba.

Likita: Ba jarabawa ba ce Alhaji. Daga 14 bisa 9 zuwa sama hawan jini ne, naka ya yi nisa.

Alhaji: To da ina kake so in tsaya, inda kowa ya tsaya?

Aka ce ya hau sikeli. Ya cire hula, ya cire agogo, ya miƙa wa Hajiya carbi, ya hau da ƙafa ɗaya yana dafe da bango.

Likita: Saki bangon. Kilo 118.

Alhaji: Makullan shago ne a aljihu.

Hajiya: Suna mota.

Alhaji: Ke aka tambaya? Ka ga yaro, wannan da kake kallo ba tumbi ba ne, jari ne. In na je Galmi da shafaffen ciki kamar naka wa zai ba ni bashin albasa mota guda? Tumbin nan ake gani a ce Alhaji ɗauka sai ka sayar.

Likita: Kana motsa jiki kuwa? Abin da ake so ga babba minti 150 a sati, wato kamar minti 30 kwana biyar, tafiya da ɗan sauri har numfashi ya ɗaga amma kana iya magana.

Alhaji: Na yi nawa tuni. Ɗawafi bakwai, Safa da Marwa bakwai, wannan kaɗai wajen kilomita 3 ne, ka raba shi a satuttukanka.

Likita: Yaushe kenan?

Hajiya: Shekara tara. Kuma a keke aka tura shi.

Alhaji: Wanda ya tura ni ai ni na biya shi! Kuma bari ka ji, ni ɗan kokowa ne tun asali. A nan Tahoua aka fara gasar ƙasa a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka, wallahi ba don targaɗe ba da labari ya sha bamban.

Hajiya: Inna ta ce lokacin kana goye.

Alhaji: A goyen na yi targaɗen.

(Wannan labarin na targaɗe babu fadar shan shayin da bai ba da shi ba a garin nan, kowace shekara ƙafar ke sauyawa, bara dama ce.)

Likita: To abinci. Gishiri kar ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali guda kenan, har da wanda ke cikin miya da dunƙulen magi.

Alhaji: Ni ba na cin gishiri sam. Yaji kawai nake barbaɗa wa nama.

Likita: Yajin da me ake daka shi?

Alhaji: Sirrin mahauta ne wannan, ba na shiga sana'ar mutane.

Likita: Shayi fa?

Alhaji: Kofi uku kacal.

Hajiya: A kowace fada. Fada huɗu gare shi, ta biyar ana ginin rumfarta.

Alhaji: Kofin nan fa ɗan mitsitsi ne, suga ma kunya take ji ta shiga.

Likita ya ja takarda zai rubuta magani, Alhaji ya dafe hannunsa ya zaro wata gora daga aljihu, ruwan ciki baƙi ƙirin, ba suna ba kwanan wata. Irin na masu lasifikar nan ne da ke hana mu barcin rana, gora guda tana maganin tansiyon da basir da shawara da sanyin ƙashi da baƙin jinin kasuwa, jika ɗaya, kuma ba mai ce musu kanzil.

Alhaji: Ina da nawa. Ni fa ba abin da ke mini ciwo.

Likita: Hawan jini ba ya sallama Alhaji. Mutum na zaune lafiya sai ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace, ko zuciya. Ƙwayar nan kullum ake sha, ba sai ka ji ciwon kai ba. Kuma wayarka na ƙirga taku, ka riƙa tafiya da safe kafin rana ta yi zafi, bayan sati biyu ka kawo in gani.

Bayan sati biyu ya dawo yana taƙama, ya sake tsallake layi, ya dangwara waya a tebur.

Likita: Taku 14,000 kullum? Kai, madalla! Kawo hannu... 18 bisa 11. Alhaji wa ke yin tafiyar nan?

Alhaji: Waya.

Likita: A aljihun wa?

Hajiya ta leƙa waje ta kira Idi yaron shago, ya shigo ya rame kamar kara, silifas ɗinsa sun cinye ta dunduniya. Likita ya ce bari shi ma a auna shi.

Likita: 12 bisa 8.

Alhaji: Yawwa, rubuta a karnena.

Likita: Na Idi ne fa.

Alhaji: Wa ke ciyar da Idin?