Ranar da Kawu ya yi wa kwamfutata aiki

A ƙauyenmu da ke gefen Auyo, duk wanda ya iya gyaran rediyo gani yake babu wani abu mai waya a jiki da ya fi ƙarfinsa. Kawuna yana cikin waɗannan bayin Allah, kuma ba a banza ba, don rediyo da tocila da fankar sola duk yana tashinsu. Kwamfuta ce kawai bai taɓa samun damar sa wa hannu ba, har sai da tafiya ta kama ni zuwa Kano a tsakiyar hunturu, na bar mabuɗin shago a wurin Inna.

Kwamfutar ta tebur ce, ta hannu, daga titin Beirut a Kano na sayo ta. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, don haka a cikinta sunayen kowa suke: wanda ya biya kuɗin taki, wanda ya karɓi iri, da wanda yake canza hanya idan ya hango ni. Na dawo ana gobe rabon taki. Ina buɗe shago ƙamshin turare ya tare ni, ga kaskon wuta a ƙarƙashin tebur.

Inna ta ce, "Gara da Allah ya dawo da kai. Abin nan naka kuka yake yi, da an taɓa shi sai ya kama tsuwa. Na yi masa hayaƙi safe da yamma, bai daina ba."

Na danna maɓalli. Fanka ta juya, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, sai tsuwa a jere. Wannan tsuwar magana ce. Kafin kwamfuta ta nuna komai tana duba kayan cikinta, idan ta rasa wani sai ta faɗa da ƙara. Kowane kamfani da irin lissafinsa, amma tsuwa mai maimaituwa tare da baƙin sikirin, RAM ake fara tuhuma, wato ɗan siririn allon da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa.

Na zare wayar wuta daga bango, na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wutar ciki ta fita. Sannan na dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu. A hunturu wannan dole ne, domin tartsatsin nan da ke tashi idan ka ja bargo da dare, shi kaɗai ya isa ya kashe RAM ko madabod, babban allon da duk kayan ciki ke jone a jikinsa. Da na zagaya baya zan kwance notina biyu na murfi, sai na tarar ɗaya ne kawai. Gurbin ɗayan an ɗaure shi da zaren buhu, ɗauri mai kyau irin na gwani. A garin nan mutum ɗaya ne yake wannan ɗaurin.

Na tura autanmu ya kira shi. Ya zo da sukundireba a aljihun gaba.

"Kawu, an buɗe ta ne?"

"Buɗewa kawai? Ai aiki na yi mata, ɗan nan. Ba don ni ba da tuni ta tafi."

Ashe auta ne ya kwana yana kallon finafinai, ta ɗauki zafi ta kashe kanta, ya tsorata ya kira Kawu. Dalilin zafin yana nan a fili: ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen da ke shanye zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta zama kamar tsumman bargo, hayaƙin Inna kuma ya bi ta kai ya mayar da ita mai danƙo. A lungun akwatin har zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, ya kusa gama rufi.

Na fitar da akwatin tsakar gida. Kawu ya ce a kai wa mai faci ya busa mata iska sau ɗaya a huta. Iskar injin faci tana fitowa da ruwa da mai, kuma ƙarfinta kan fizge ƙananan kaya daga jikin madabod. Busawa da baki kuma yawu ne. Famfon keke da burushin fenti mai taushi sun wadatar. Na sa auta yana bugawa, ni kuma na tokare fanka da tsinke, saboda idan iska ta juya ta fiye da ƙima tana cinye mata gindi. Ƙurar da ta tashi ta sa kaji suka watse, Kawu ya yi atishawa har hularsa ta faɗi.

RAM ɗin na nan a tsaye, gefe ɗaya ya shiga, ɗayan yana lilo. Na buɗe maƙallan gefe biyu na zaro shi, na riƙe shi ta baki-baki, na goge haƙoransa masu ruwan zinariya da kilinar fensir, na kaɗe burbushin. A tsakanin haƙoran akwai tsaga, a ramin ma akwai ɗan tudu, sai sun dace yake shiga, ba ya shiga a juye ko za a kwana ana dannawa. Ka danna kai biyun tare har maƙallan su ce ƙas da kansu. Na kunna, sikirin ya kawo. Kawu ya kalli Inna ya ce, "Kin gani ko? Dama kaɗan ya rage."

Ba a yi nisa ba fanka ta fara gurnani, kwamfutar ta ɗauke ɗif.

"Kawu, bayan wannan an taɓa wani abu?"

"Wannan ƙarfen mai fanka a ka na ɗaga. Wani datti ne toka-toka a ƙarƙashinsa, ya bushe ƙamas, na kankare shi tas da reza. Da na ga wurin ya yi fari sai na shafa masa basilin."

Na zauna a kan turmi tukuna.

Abin da ya kira datti man firosesa ne. Saman firosesa da ƙasan ƙarfen nan, duk santsin da ido ke gani, akwai ƙananan ramuka a tsakaninsu, iska kuma ba ta wuce da zafi. Man ne yake cike su. In babu shi, firosesa tana haurawa kusan digiri 100, sai ta yanke wuta don kada ta ƙone. Basilin kuwa da ya ji ɗumi narkewa yake ya malale. Na sassauta notina huɗu na ƙarfen a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, don kada nauyi ya taru a gefe guda. Na goge fuska biyun da farin ƙyalle da sifirit, na jira suka bushe. Allah ya taimake ni ina da ragowar man a ɗan sirinjinsa. Ɗigo ɗaya a tsakiya, gwargwadon ƙwayar shinkafa, ba a baza shi da yatsa, matsin ƙarfen ne zai shimfiɗa shi. Masu lafta shi da yawa ɓarna suke yi, ba ya ƙara sanyi.

Gurnanin fanka kuma man gyaɗa ne, Kawu ya ɗiga mata don ta yi laushi. Man girki yana kama ƙura ya daskare. Na ɓare takardar da ke bayan fankar, na goge abin da zai gogu, na ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki da na aro wurin uwargida, bisa sharaɗin zan dawo da kwalbar a gabanta.

Ta tashi lafiya, sai dai agogonta ya koma shekarun baya, lokacin ko auren fari ban yi ba. Na leƙa madabod, gurbin batir fayau.

"Au, wannan kwabon?" in ji Kawu. "Na'urar gwajin sukarin Baffanku ce ta mutu, na gwada shi ya zauna daram. Ita ai ga wuta tana sha daga bango, me za ta yi da batir?"

Batirin CR2032 ne, mai bolt 3, kuma shi ke riƙe agogo da saitin madabod idan an zare wuta. In babu shi, duk sanda aka kashe janareta kwanan wata zai ɓace, shafukan intanet da yawa su ƙi buɗewa saboda lokacinka bai dace da shaidar tsaronsu ba, takardun da ka adana kuma su ɗauki kwanan watan ƙarya. Masu gyaran agogo a Haɗeja suna sayar da shi, ana sa shi alamar tarawa tana kallon sama. Amma wa zai je ya ce wa Baffa ya dawo da batir? Na saita lokaci da hannu na yi shiru.

Ba ni da firinta, sai na kwafi sunayen a filashi in kai Auyo da sassafe. Ina soka filashin na ga duk jakunkunan ciki sun fito da 'yar kibiya a gindi. Auta ya fara kallon rufin ɗaki. Ya kai shi wurin masu tura finafinai ranar kasuwa, ya dawo da bayros. Kawu ya ce a tsoma shi a fetur. Irin wannan bayros ba ya goge komai, ɓoye takardun yake ya ajiye na bogi a gurbinsu, kana danna ɗaya ya shige kwamfutar. Don haka ba a danna ko ɗaya. Na danna maɓallin Windows tare da R, na rubuta cmd, a baƙin allon da ya fito na rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* (E ɗin harafin da kwamfuta ta ba filashin ne, naka zai iya bambanta). Takardun suka bayyana. Na kwashe nawa, na yi wa filashin fomat, wato na share shi tas, na sa Windows Security, manhajar tsaron da ke cikin Windows, ya bincike kwamfutar gaba ɗaya, tunda auta ya riga ya danna abin da ya danna.

Dare ya yi, muna kan ƙaramin janareta. Ƙa'idata ita ce a tashe shi ya daidaita tukuna kafin a haɗa kwamfuta, a kuma kashe kwamfuta kafin a kashe shi, sannan kullum ta bi ta UPS, akwatin batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke. Ina tsakiyar gyara lissafin buhuna sai janareta ya yi tari, ƙwan fitila ya koma ja. Uwargida ce ta jona hita za ta ɗumama wa Baffa ruwan alwala. Hitar tana jan wajen wat 1000, janaretan kuwa gaba ɗayansa bai kai haka ba. UPS ya karɓa ya fara tsuwa. Batirinsa mai bolt 12 ne ƙarami, mintuna kaɗan yake bayarwa, na adanawa da kashewa, ba na ci gaba da aiki ba. Na danna Ctrl da S da sauri. Ina ɗagowa na ga Inna a bakin ƙofa da kaskon garwashi, ta ce, "Ya sake tashi ko?"

Washegari aka yi rabon taki lafiya, kowa ya ga sunansa, har da masu canza hanya. Kafin a tashi shugaban ƙungiya ya miƙe ya ce labari ya iso masa cewa na'ura ta mutu, Allah ya sa muna da masani a gari, ya nemi a yi wa Kawu addu'a. Aka shafa. Kawu ya gyara zaman hula ya ce ai ba komai, yi wa kai ne. Nan take shugaban makarantar firamare ya matso ya ce tasa ta ofis ma tana yawan ɗaukar zafi, ko Kawu zai leƙa da yamma. Kawu ya ce in sha Allahu, ya juyo ya tambaye ni ko sirinjin nan nawa da saura.