Damin dawa a coci, gamba kuma ta matsa a gona

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama gare ku. Ranar Lahadi bayan sujada muna zaune gindin darbejiya a bakin coci, nan ƙauyenmu ta wajen Sumaila, sai musu ya kaure tsakanin matasa. Wannan yace tunda da alheri aka cece mu to ka ba da gaskiya kawai shikenan, aiki ba ruwansa. Wancan yace ina, sai ka tara zakka da baiko da azumi, ranar shari'a a ɗora a sikeli. Baba dattijonmu yana gefe bai tanka ba, can sai yace yarana ku buɗe Afisawa 2, amma dan Allah kar ku tsaya a aya 9, ku ƙarasa ta 10.

Aya 8 da 9 sun fito fili, ceto kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba, don kar wani ya yi taƙama. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23 wane baiko ya bayar? Hannunsa ma ba a sake yake ba, amma aka ce masa yau ɗin nan za ka kasance da ni a Firdausi. To amma manzo Bulus ɗin da ya rubuta wannan, shi ne dai a aya 10 yace an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Yakubu 2:26 kuma ya ƙara, bangaskiyar da ba aiki gawa ce. Har Martin Luta na Jamus, jagoran gyaran ikkilisiya, wannan wasiƙa ta Yakubu ta taɓa tsaya masa a rai, ni kuwa ban ga faɗa tsakanin Bulus da Yakubu ba, labarin zuciya ai fuska ake tambaya.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne biyayya. Mutum zai shigo da damin dawa ranar godiyar girbi, yana rawa mata zumunta suna guɗa, alhali da damina shi ne ya bi da garmar shanu ya cinye kunya 2 daga gonar gwauruwa, gambar iyaka ma ya tumɓuke ta ya dasa gaba. Kowa ya gani, kowa yayi gum, har da ni, kuma abin yana damuna har yau. Kubawar Shari'a 19:14 ta hana matsar da iyakar maƙwabci. Sarki Saul ma haka yayi, aka ce ya hallaka komai na Amalekawa ya ware tumaki masu ƙiba wai na hadaya ne, annabi Sama'ila na isowa yace to wannan kukan tumakin da nake ji fa? A nan ne ya gaya masa biyayya ta fi hadaya, ku duba 1 Sama'ila 15:22.

Yallabai mai dami, ba wanda yace ka sayi mulkin sama da mayar da kunya 2, Yesu ya riga ya biya da jininsa. Amma in da gaske ya shiga zuciyarka, ka je ka mayar da gambar inda ka same ta, ka roƙi Iya gwauruwa gafara.

Ranar Asabar akwai gayya a gonarta, dawarta na nan tsaye ba mai yanke mata. Ƙarfe 7 na safe, kowa ya zo da magirbinsa, masu amalanke ku taimaka da kwasa.