Kada ku saki waƙa a daren da kuka gama ta

Ƴan uwana matasa mawaƙa, garaje ne ke kashe waƙoƙin yawancinku. A gama haɗa sauti da daddare, kafin gari ya waye an watsa ta a WhatsApp, bayan kwana uku kuma a hau ƙorafin cewa jama'a ba sa goyon baya. To, wa ya san ta fito?

Ku fara da takarda. Kafin waƙa ta bar situdiyo, ku zauna da mai kiɗa da duk wanda ya sa baki a baiti ko amshi, a rubuta kason kowa, a sa hannu. Yau da babu ko sisi kowa mai sauƙin kai ne, ranar da kuɗi suka shigo ake ganin halin mutum. Idan kiɗan a intanet kuka saya, ku karanta sharuɗɗan da kyau, domin sau da yawa haya aka ba ku, an kuma ba wasu. In wani ya riga ku yi masa rajista da Content ID, tsarin da YouTube ke gane mai haƙƙin sauti da shi, kuɗin tallan bidiyonku aljihunsa za su nufa.

Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa daga hannun mawaƙi kai tsaye, sai ta kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore. Ku ba su waƙar a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a rage wa inganci ba, aƙalla 16-bit da 44.1 kHz, kada ku tura MP3 da ya gaji da yawo daga waya zuwa waya. Hoton bangon waƙar ya zama pixel 3000 × 3000, ba lambar waya, ba adireshin shafi, in ba haka ba a dawo muku da shi. Sunanku kuma ku rubuta shi iri ɗaya kullum. Harafi guda ya sauya, waƙar na iya faɗawa shafin wani. Ku adana lambar ISRC, wato lambar shaida da za a ba waƙar, da ita ake riƙe adadin saurare in an koma wani kamfanin.

Ku ɗora waƙar mako huɗu kafin ranar fita. Dalili shi ne, Spotify for Artists, shafin da Spotify ya ware wa mawaƙa, na ba ku damar gabatar da ita ga masu tsara jerin waƙoƙi, amma sai wadda ba ta fito ba tukuna, kuma aƙalla kwana 7 kafin ranar, sannan ta shiga Release Radar, jerin sababbin waƙoƙi da Spotify ke haɗa wa mabiyanku. Wanda ya saki yau-yau ya zubar da wannan damar da hannunsa. Tun Yulin 2015 Juma'a ce ranar sakin sababbin waƙoƙi a duniya.

A cikin makonnin nan ne talla ke farawa. Ku ciro daƙiƙa 15 zuwa 30 mafi kama kunne, galibi amshi, ku riƙa sa shi a TikTok da Instagram da salo daban-daban. Kuma don Allah ku rage dogon kirari a farkon waƙa. Spotify ba ya ƙirga saurare sai an kai daƙiƙa 30, mai sauraro kuwa ba zai tsaya jiran ku gama gaida jama'ar situdiyo ba.

Sai masu zuwa da tayin sayar muku da saurare dubu-dubu. Ku guje su. Na'urori ne ke kunna waƙar, kuma ana ganewa. Daga 2024 Spotify na cin kamfanonin rarrabawa tara a kan irin wannan maguɗi, su kuma sukan sauke waƙar ko su rufe asusunka gaba ɗaya, tare da duk abin da ka tara a ciki.