To arsenik ɗin daga ina ya fito?

Wani labari ya ce an samu arsenik da wasu ƙarafa masu guba a ruwan sigarin lantarki, amma ya cakuɗa abu biyu. A binciken Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka na 2018, dalma da nikel sun fi yawa ne bayan ruwan ya taɓa murɗaɗɗiyar wayar da ke dumama shi, wato laifin na'urar ne. Arsenik kuwa tun ruwan yana kwalba aka tarar da shi. Wani mai sharhi a kan labarin ya ce ai sigarin lantarki ya fi taba dama-dama. Na ji, amma huhun nan ne dai yake shaƙa. Wa ke gwada ruwan nan kafin a sayar?