Abin da ya sa katun ɗin Peanuts na 1965 ya yi daidai, duk da rashin kyan motsinsa

Masu cewa tsofaffin katun ɗin Charlie Brown aikin ha'inci ne saboda motsinsu a sanƙare yake, ina ganin ba su fahimci wahalar da ke cikin ɗauko zanen jarida a mayar da shi fim ba.

Peanuts zanen barkwanci ne kan yaro Charlie Brown da abokansa, wanda Charles Schulz ya fara fitarwa a jaridun Amurka ranar 2 ga Oktoba, 1950. A wancan zamanin na ranakun mako gida huɗu ne kacal na zane a jere: a gida na farko a buɗe zance, a na huɗu a sako abin dariya. Mai karatu shi ke da iko da lokaci. In ya ga dama ya tsaya a gida na uku, inda yaro ya yi shiru yana kallon ƙasa, ya ɗan daɗe kafin ya wuce. Talabijin ba ta ba ka wannan dama. Dole wani ya yanke cewa shirun nan daƙiƙa biyu ne ko uku, kuma in ya kuskure, barkwancin ya mutu.

A 1965 kamfanin Coca-Cola ya nemi shirin talabijin na Kirsimeti da Peanuts, wanda ya zama A Charlie Brown Christmas. Lee Mendelson ne furodusa, Bill Melendez ne darakta, lokacin da aka ba su kuwa bai wuce wata shida ba. Ga lissafin aikin: fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. In ka bar kowane zane ya zauna a hoto biyu, zane 12 kake bukata a daƙiƙa. Minti 25 daƙiƙa 1,500 ne, wato zane 18,000 in komai zai motsa babu tsayawa, kowanne a zana shi a takarda, a kwafe shi a kan roba mai garai-garai, a shafa fenti ta bayanta. Babu yadda za a yi wannan ya kammala a wata shida da kuɗi kaɗan sai da dabara. Sai a bar jiki a roba ɗaya ba ya motsi, baki a wata robar daban ana canza shi. Tafiya da rawa kuma a yi musu zane kaɗan a riƙa maimaitawa, shi ya sa a wurin rawar yaran kowa na nanata taku ɗaya. Wannan dabara na da illa: robobi in sun hau kan juna da yawa, launin na ƙasa kan dushe, sai ka ga hannu ya ɗan bambanta da fuska.

Babbar matsalar ma ba ta kuɗi ba ce. Schulz bai taɓa zana yaran Peanuts don su juya ba. Yana zana su ta gefe ko suna ɗan fuskantar mai kallo, shi ke nan. Kan Charlie Brown ƙato ne zagayayye, hannuwansa gajeru, ba za su kai tsakiyar kansa ba. In ka ce za ka juya kan nan a hankali yadda ake yi a Disney, a tsakiyar juyin za ka samu fuskar da ba ta kowa ba. Melendez, wanda shi kansa ya yi aiki a Disney da Warner, ya san haka, sai ya riƙa tsallakawa daga wannan fuska zuwa waccan da sauri. Abin da ake kira sanƙarewa ke nan, alhali shi ya tsare zanen. Ko da aka yi fim ɗin Peanuts da kwamfuta a 2015, masu aikin sun koma ga wannan ƙa'ida da gangan.

Sai murya. A lokacin manya ne ke kwaikwayon muryar yara a katun. Nan aka ɗauko yara na gaske. Yarinyar da ta yi muryar Sally, ƙanwar Charlie Brown, ko karatu ba ta iya ba, sai a faɗa mata jimla gutsure-gutsure tana maimaitawa, daga baya a haɗa. Kana jin tsinkewar a maganarta. Schulz kuma ya ƙi yarda a saka dariyar nan da ake naɗa a liƙa a bayan kowane barkwanci, ya dage Linus, abokin Charlie Brown, ya karanta sashen Linjilar Luka da ke bayanin haihuwar Annabi Isa. Kiɗan kuwa jaz ne na Vince Guaraldi da fiyano. Manyan gidan talabijin na CBS da suka kalla ba su ji daɗi ba, sun ga shirin na jan ƙafa. Aka nuna shi ranar 9 ga Disamba, 1965, kusan rabin masu kallon talabijin a Amurka a daren suna kansa, ya kuma ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin.

Inda nake ganin an yi asara shi ne Snoopy, karen Charlie Brown. A jarida kare ne mai tunani, ana rubuta zancen zucinsa a saman kansa, kuma rabin daɗinsa a nan yake. A talabijin an cire wannan, ya koma ɗan wasan motsi da gurnani, Melendez da kansa yake yin sautin a ƙara wa faifan gudu. Masu katun ɗin Garfield, wani muzurun zanen jarida, a 1982 sun bi wata hanya: ɗan wasan murya Lorenzo Music ya riƙa faɗin tunanin muzurun, bakinsa kuma a rufe. Hakan ya dace da Garfield, don shi ragwanci da baƙar magana ne jarinsa. Da an yi wa Snoopy haka, wataƙila da ya danne muryoyin yaran, amma duk wanda ya san shi a talabijin kaɗai bai san marubucin nan da ke zama a kan rufin ɗakinsa da tafireta yana zancen zuci ba.